Hannun Kawu a Kan Dusar Jojiya

Tun da na dawo daga Jojiya ban ci abincin Juma'a cikin kwanciyar hankali ba. Da na sa hannu a shinkafa a gidan abincin nan na unguwar Abu Hail a Dubai, sai wani ya jawo kujera ya ce, "To Injiniya, yaya dusar ƙanƙara?" Wasu don suna son zuwa suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji ƙishin-ƙishin, so suke su ji daga bakina su sami abin dariya. Abokina Auwal ya fi kowa naci, alhali shi ya jawo komai da hotunan Jojiya da ya cika mana waya da su bara. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata, tura masa kawai zan yi in ci gaba da cin abincina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nura, aikina gyaran injinan ɗakin sanyi a wani kamfanin ajiye kifi da kaji. Shekara shida ina shiga ɗakunan da numfashi ke fita kamar hayaƙi. Ban da haka, sau biyu na biya kuɗina na shiga wurin wasan dusar nan da aka gina cikin babban kanti a nan Dubai, na hau, na gangaro, na fito na sha shayi. Don haka a wurina babu abin da ya rage wanda sanyi zai koya mini.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyata ne. A Kano yake sayar da injinan ban ruwa da sumo na rijiyar burtsatse, kuma sau biyu a shekara yakan zo sayayya kasuwar 'yan China da ke kusa da unguwar International City, ya sauka a ɗakina. Wannan karon zuwan bai yi daidai ba. Mutumin da yake sayen kaya a wurinsa ya rufe shago ya tafi gida bikin sabuwar shekararsu, sai bayan kwana goma. Kwana uku Kawu ya yi a zaune, yana canja tashar talabijin yana gyara mini yadda nake ninke darduma. Ran na huɗu, don in sami sauƙi, na nuna masa hotunan Auwal. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko wannan farin abin ana taka shi. Na ce har gudu ake yi a kai. Ya ce to mu je ya gani da idonsa, tun da bizarsa ta shiga da fita ce, zaman banza kuma ya ishe shi.

Na kira Umma na gaya mata. Sai ta ce, "Nura, amana na ba ka. Kada ka bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Inda ya sa ƙafa ka sa taka, in wuri da santsi ka riƙe masa hannu."

Na ce to. Ban ɗauki maganar da wani nauyi na daban ba, don haka Umma take da Kawu tun da na buɗe ido. In ya zo gidanmu ba ta yarda ya zauna a falo shi kaɗai, in zai tafi sai an raka shi har titi. Mutum ya haura sittin, yana ɗaga injin da ni sai na nemi taimako, amma a idon yayarsa har yanzu rarrafe yake. Mu 'ya'yanta abin dariya muka mai da shi. Amma maganar uwa ce, kuma na amsa.

A filin jirgin Tbilisi, babban birnin ƙasar, aka fara karrama mu. Layi yana tafiya lafiya lau har jami'in shige da fice ya ga koren fasfo, sai ya tuna akwai kujeru a gefe da suka daɗe ba a zauna a kansu ba. Aka duba tikitin komawa, aka duba takardar masauki, aka duba katin zamana na Dubai gaba da baya. Tambayar da ta fi damunsa ita ce me ɗan Nijeriya zai yi da dusar ƙanƙara. Na yi masa bayani da Turancin ofis, bai gamsu ba. Kawu ya ce in gaya masa mu ma mutanensu suna zuwa kallon raƙumi ba mu taɓa tambayarsu dalili ba. Ban fassara ba. Da aka zo binciken jaka, wata jami'a ta buɗe kwalbar yajin Kawu ta sa hanci duk da na ɗaga hannu ina hana ta. Ta yi atishawa har sau biyar, abokan aikinta suka yi ta dariya, nan da nan aka buga mana hatimi. Abin da digirina ya kasa, yajin Kawu ya yi.

Daga birnin muka shiga wata ƙaramar bas zuwa duwatsun Gudauri. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana gicciye ƙirjinsa da shi duk inda muka wuce coci, kuma coci-cocin ƙasar nan a kan kwana suke gina su. Kawu ya ce in ba don launin fata ba sai ya rantse ɗan tashar Unguwa Uku ne. Da muka fara hawa sai muka tarar da manyan motoci jere a gefen hanya, direbobinsu sun dafa shayi sun miƙe ƙafa. Aka ce hanyar da ta haura saman dutsen a rufe take, ana tsoron dusa ta zaftaro ta binne ta. Na yi tsaki na gaya wa Kawu cewa ragwanci ne kawai, a Dubai da tuni an kawo inji an kwashe.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ce mai suna Tamar, wadda Kawu ya naɗa Hajiya tun kafin mu ajiye jaka. Ba ta jin Turanci, ba ya jin yarenta, amma suka zauna suka yi hirar ciwon gwiwa ta rabin awa, kowa ya fahimci kowa. Abincinsu burodi ne da aka cika cikinsa da cuku aka fasa ƙwai a kai, sai wani ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki wanda ake kamawa ta wuya a tsotse. Kafin mu taɓa, sai da Kawu ya yi kukan saniya, ya yi na tunkiya, sannan ya yi na alade yana kaɗa yatsa. Tamar ta amsa masa da kukan saniya. Haka aka tabbatar da halal ba tare da takardar kowa ba. Mijinta kuma ya kawo giyar da ya haɗa da hannunsa, ya tashi tsaye ya yi dogon jawabi. A wurinsu baƙo ya ƙi sha kamar a ce ka je gidan mutum a Kano ka ture ruwan da aka kawo maka ne. Kawu ya ɗaga kofin shayi, shi ma ya tashi ya yi masa jawabi da Hausa, ya sa wa zuriyarsa albarka har jikoki. Mutumin ya rungume shi. Da safe muka tarar butar da Kawu ya bari a baranda ta zama dutse.

Tamar ce ta haɗa mu da Levan, mai kai baƙi yawo a bayan duwatsu, can inda babu injin share hanya. Kawu ya ce sunan Lawan ne suka lalata, kuma Lawan ɗin ya ci gaba da kiransa. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili. Nufinmu mu hau wani tudu da ake hango kwarin gaba ɗaya, inda Auwal ya ɗauki hotonsa. Levan ya ɗaura mana wasu faya-fayai a ƙarƙashin takalmi don kada mu nutse, ya rataya wa kowa wata 'yar na'ura a ƙirji, ya ba mu shebur da sanda mai ninkewa. Na'urar, in ji shi, ita za ta nuna inda mutum yake in dusa ta rufe shi. Na ce masa mu hoto muka zo ɗauka ba yaƙi ba. Ya dube ni ya ƙara ɗaure mini igiyar na'urar.

Mun yi kamar awa ɗaya muna tafiya, rana ta fito, ko'ina fari fes, sai ya tsaya ya fara haƙa rami. Ina tsaye ina duba agogo. Ya haƙa har ƙirjinsa, ya gyara bangon ramin ya yi sumul, ya kira mu. Ashe dusar ba abu ɗaya ba ce, hawa-hawa take. Ta sama sabuwa ce, mai laushi, shekaranjiya ta sauka. Ƙarƙashinta wata ce mai tauri da iska ta daddaɓe, ko yatsa ba ya shiga. Can ƙasa kuma ya zura hannu ya ɗebo wata da ke zuba kamar sukari. Ya ce wannan ta farkon hunturu ce, sanyi ya cinye ta, ba ta riƙe komai, kuma duk nauyin na sama a kanta yake zaune. Ya yanka wani yanki, ya ɗora shebur, ya bubbuga da tafin hannu. Bai kai ga bugu mai ƙarfi ba sai gaba ɗaya ya sulluɓo ya faɗo gabansa.

Ina shirin fassarawa sai na ga babu bukata. Kawu ya riga ya shiga ramin, ya cire safar hannu, yana murza sukarin nan tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Marmara ce a kan rairayi. Gaya wa Lawan mu koma."

Na san kafin ya shiga kasuwanci Kawu haƙar rijiya yake yi a ƙauye, sana'ar gidansu ce. Amma ban ga abin da ya haɗa rijiyar ƙauye da dutsen Turai ba. Levan kuwa da ya ji, sai ya miƙa masa hannu suka gaisa kamar tsofaffin abokan aiki, ya ce dama abin da zai faɗa ke nan, ba za mu hau tudun ba. Raina ya ɓaci sosai. Na biya jirgi, na ɗauki hutu, na sha zaman kujerar gefe, sannan a ce in koma ba hoto saboda sukari. Na faɗi haka da Hausa da Turanci, har da ɗan Larabcin kasuwa. Babu wanda ya kula ni.

Hanyar komawa ta ƙasa ce, mai sauƙi, sai wuri ɗaya da za a gitta gindin wata gangara, taku kamar hamsin, ƙasanta kuma wani ɗan kwazazzabo. Levan ya tsayar da mu ya yi bayani a hankali, ya maimaita. Ɗaya bayan ɗaya za a wuce. Shi zai fara, in ya isa wancan gefen wajen wani dutse zai ɗaga hannu, sai Kawu ya taho, sai ni. Wanda ke jira ya tsaya nesa, ya zuba wa mai wucewa ido, kada ya ɗauke. Nauyin mutum biyu a wuri ɗaya yana iya karya abin da zai ɗauki mutum ɗaya, kuma in ta zaftaro, gara ta ɗauki ɗaya a sami masu tono. Ya kalle ni musamman ya tambaya ko na gane. Na ce, "Khalas, na gane, yalla," wato shi ke nan, mu je.

Ya wuce lafiya, ya ɗaga hannu. Kawu ya yi bismilla ya shiga.

To ku da kuke dariya, ku sa kanku a matsayina. A ina aka taɓa ganin dattijo yana tafiya a wuri mai santsi, ɗan 'yar'uwarsa ƙato yana tsaye a baya ya harɗe hannu yana kallo? A gida ko masallaci za shi, jakarsa kake karɓa ka bi shi. Ga kuma muryar Umma a kunnena. Kawu ya kai tsakiya, faifan ƙafarsa ɗaya ya ɗan karkace, ya yi tangaɗi kaɗan ya gyara. Shi ke nan. Kafin in yi tunani na riga na shiga, ina sauri, ina cewa, "Kawu ku tsaya, ga ni nan." Ina jin Levan yana ihu daga can, na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake.

Kawu ya juyo ya ce, "Koma." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ni kuwa ɗan albarka, na ƙarasa na kama hannunsa.

Sai ƙasa ta yi wani nishi a ƙarƙashinmu, wuf, ta ɗan zauna. Wata tsaga ta gudu ta samanmu daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da na tuna bayan nan shi ne Kawu ya fizge hannunsa, ya yi tsalle gaba wajen dutsen, ni kuma wurin da nake tsaye ya fara tafiya da ni kamar an ja tabarma. Na faɗi, na juya, dusa ta cika mini baki da hanci. Ban yi salati mai tsawo ba, ban tuna kowa ba, ƙoƙarin numfashi kawai nake. Sannan komai ya tsaya.

Na tsinci kaina a cikin kwazazzabon, a kishingiɗe, fuskata da hannu ɗaya a waje, saura duk a binne. Dusar nan mai laushi da ake wasa da ita a hoto, da ta tsaya sai ta zama siminti. Ko yatsan ƙafa na kasa motsawa, ƙirjina kuma in na fitar da numfashi ba ya samun wurin komawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka.

Levan ya fara isowa, ya share mini baki da yatsa. Kawu yana bayansa da shebur. Ba wanda ya gaya masa abin da zai yi. Bai tsaya a kaina ba, ya zagaya ta ƙasa ya fara yanko dusar daga gefe yana turawa baya, Levan yana kwashewa. Babu gaggawar hauka, babu tsayawa. Mutumin da aka ba ni amanarsa kada ya zame, shi ya tono ni kamar rogo. Levan ya lalube ni, ya ce ba abin da ya karye, ƙaramar zaftarewa ce, mun yi sa'a. Ya ƙara da wasu kalmomi da yarensu waɗanda ban nemi fassararsu ba.

A gida Tamar ta naɗe ni da bargo uku ta ɗura mini shayi, tana faɗa tana nuna ni tana taɓa goshinta da yatsa. Wannan ma ban nemi fassara ba. Bayan la'asar muna zaune gaban murhu, na ce wa Kawu ya yi haƙuri, Umma ce ta ce kada in bar shi shi kaɗai.

Ya ce ya sani. Ya tambaye ni ko na san yadda Kawu Sale ya rasu, babban wansu, wanda ban taɓa gani ba. Na ce an ce rijiya ce ta rufta da shi. Ya ce haka ne. Suna haƙa ne a wani gari, sun huda marmara sun tarar da rairayi a ƙasa. A ƙa'idar aikin mutum ɗaya ne a ciki, mai igiya kuma yana tsayawa baya, ba ya taka bakin ramin. Shi Kawu Ilu ne mai igiya ranar, yana saurayi. Sai ya ji wansa ya yi tari a ciki, tari kawai, ya matso baki ya durƙusa yana leƙawa yana tambaya ko lafiya.

"Nauyina ne ya karya ta," in ji shi. "Don in taimake shi na matso."

Ya ce bayan nan ya yi kusan shekara, da an ɗauke ido sai a same shi zaune a wurin da aka cike ramin. Yayarsa ce take zuwa ta kamo hannunsa ta dawo da shi gida. Tun daga lokacin ba ta yarda ya zauna shi kaɗai, shi kuma bai taɓa hana ta ba, don ya san abin da take tsoro. Na tuna duk dariyar da muka yi wa Umma a kan rakiyar Kawu, kunya ta rufe ni fiye da yadda dusar ta yi.

Da Umma ta kira da yamma, tambayarta ɗaya ce, ko na bar shi shi kaɗai. Kawu ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ai ko taku hamsin bai yarda na yi ni kaɗai ba." Ta yi ta sa mini albarka. Ina riƙe da bargo ina amsa amin.

Sauran ba wani labari. Hoton tudu dai babu, Auwal yana iya ci gaba da riƙe kambunsa. Hoto ɗaya na dawo da shi, na Kawu da Levan a cikin rami suna duba sukari. Masu shirin zuwa, ga abin da zan ce muku: in mai jagora ya tsaya haƙa rami, ku bar duba agogo, in ya ce ɗaya-ɗaya, to ladabinku na gida ku ajiye shi a masauki tare da buta.

Ɗan China ya dawo, aka loda kaya, ranar tafiyar Kawu ta zo. Na kai shi filin jirgi kamar kullum. Da can har sai ma'aikata sun tare ni nake rabuwa da shi, ina riƙe da jakarsa ina yi masa bayanin ƙofar da ya fi ni sani. Wannan karon da muka zo inda masu rakiya ke tsayawa, na miƙa masa jakarsa na ja baya. Ya dube ni, ya shiga layi. Na tsaya inda nake, ban duba waya ba, ban ɗauke ido daga kansa ba, har ya wuce wurin bincike ya kai wancan gefen. Can ya juyo ya ɗaga hannu, sannan na tafi.